Wa Ke Riƙe Da Sifana? Tarihin Zaɓen Na'ura Daga Gonakin Kadawa Zuwa Buɗaɗɗiyar Kwamfuta

 Na san tun da aka lika sanarwar wannan lacca akwai masu tambayar kansu, me ya haɗa malamin Hausa da zancen kwamfuta, me kuma ya haɗa kwamfuta da gonakin Kura da Bunkure? Tambaya ta farko haruffa uku ne za su amsa ta, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma za mu zo kansu. Ta biyu kuwa sai mun ɗan bi tarihi, domin abin da nake so in nuna shi ne, duk wanda ya tashi zaɓen kwamfuta da babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, to yana fuskantar tambayar da manoman ƙasar Kura suka yi shekara hamsin suna amsawa da aljihunsu: in na'urar nan ta tsaya, wa ke da ikon buɗe cikinta?

Kafin zuwan aikin ban-ruwa na Kogin Kano, mai lambu a bakin rafi da jigo yake shayar da albasarsa. Jigo kuwa ba shi da asiri. Sanda ce doguwa bisa gwafa, da igiya, da guga, da curin laka a ɗaya ƙarshen domin rinjaye. Yaron da ya gani sau biyu zai iya ɗaura nasa. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga wani sabon babi. Aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, sa'an nan daga 1971 zuwa 1974 aka gina madatsar Tiga, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Masanan kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne suka yi nazarin aikin, aka ƙudura shayar da hekta 22,000 a kashi na farko, a ƙasar da yanzu ta faɗa cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

To, abin lura a nan shi ne, aikin ya zo da na'urori iri biyu. Iri na farko shi ne hanyar ruwan kanta. Daga Tiga ruwa yake gangarowa da nauyinsa, ba injin da ke tura shi, ya bi babbar magudana ya rabu gabas da yamma, ya shiga ƙananan magudanai, manomi ya lanƙwasa ɗan bututunsa ya zuƙo shi cikin kunya. Siminti yakan tsage, laka takan cike hanya, ciyawa takan toshe ta, amma duk abin da ya lalace ido yana ganinsa, magini da mai shebur suna iya gyarawa. Iri na biyu su ne manyan motocin noma da injunan girbin alkama da aka shigo da su lokacin da kuɗin man fetur ke ambaliya. Waɗannan, muddin akwai kuɗin waje, suna tafiya. Amma naira wadda a 1980 ta fi dala daraja, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sai da ta koma wajen naira huɗu a dala ɗaya a 1987. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, aka dubi Kadawa da makamantanta aka ce su ciyar da gidajen burodin ƙasa, a daidai lokacin da ɗan ƙarfen da zai tada tarakta ya ninka kuɗinsa. A 1992 aka janye hanin. Duk wanda ya taɓa zaga harabar ma'aikatun gona a jihohin Arewa ya ga ragowar wancan zamani: motoci jere, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, da yawa ba wani babban ciwo ya kashe su ba illa rashin abu guda da ba a ƙera shi a nan.

Na'urar da ta yi nasara ba a yi mata bikin buɗewa ba. Ita ce ɗan ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ya bazu tun daga shekarun 1980 ta hannun hukumomin raya karkara irin su KNARDA, daga baya kuma shirin Fadama. Mutum guda yana ɗaura shi bayan babur. Bakanike a Kura yana warware shi da sifana da sukudireba, ya wanke fulogi, ya sāke zobe, ya mayar. Da masana'antun ƙasar Sin suka shiga kwaikwayon ƙirar injunan Japan, sai kayan gyara suka wadata a kasuwannin Kano, na wannan ya shiga jikin wancan. Haka injin casar shinkafa mai ƙarfen juyi a ciki, wanda asalinsa ƙirar wani mutumin Barazil ce mai suna Engelberg tun shekarun 1880. Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kowa ya kwaikwaya, kuma ire-irensa na cikin abin da ya mai da Kura cibiyar shinkafa, bayan a dā da rini da baƙin rawani aka san ta har cikin Sahara. Ba na cewa waɗannan injuna sun fi kowane inji inganci. Mai casa ya san yawan shinkafar da suke karyawa. Abin da suka fi da shi, ba sa neman izinin kowa kafin a gyara su.

Yanzu sai mu juya ga kwamfuta, mu riƙe wannan ma'auni. Kwamfuta hawa-hawa ce. Akwai gangar jikinta, watau allon lantarki da ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Akwai 'yar manhajar da aka dasa cikin allon, wadda ita ke farkar da na'ura in an danna maɓalli. Bisa wannan sai babbar manhaja, irin su Windows ko Linux, wadda ke rarraba aiki kamar yadda mai kula da ƙofar ruwa ke rarraba wa gonaki. Can sama kuma sai manhajojin rubutu da lissafi da taswira. Kowace manhaja mutane ne suka rubuta ta da wani harshe da ɗan'adam ke iya karantawa, sa'an nan aka juya ta zuwa lambobin da inji kaɗai ke ganewa. In an ba ka rubutun asali tare da izinin karantawa da gyarawa da rabawa, shi ake kira buɗaɗɗen tushe. In lambobin kaɗai aka ba ka, to an sayar maka da inji ne an walde murfinsa.

A farkon zamanin kwamfuta rubutun asali tare da na'ura yake zuwa, masana suna musayarsa kamar yadda manoma ke musayar iri. A 1969 kamfanin IBM ya fara raba kuɗin manhaja da na na'ura. A 1976 Bill Gates ya rubuta wa masu sha'awar ƙananan kwamfutoci wasiƙa yana zarginsu da sata saboda kwafar manhajarsa, a 1980 kuma dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta fito fili ta haɗa da manhaja. Wajen wannan lokaci ne wani masani a jami'ar MIT, Richard Stallman, ya nemi rubutun asalin manhajar wata firinta da ke yawan cije takarda, domin ya sa ta riƙa sanar da mutane in ta cije, aka hana shi. A watan Satumba na 1983 ya yi shelar aikin GNU, watau rubuta babbar manhaja sukutum wadda kowa ke da 'yancin gyarawa, a 1989 ya fito da lasisin GPL mai sharaɗin cewa wanda ya gyara ya raba, dole ya raba tare da rubutun asali. Abin da ya rage wa aikin shi ne ƙwayar tsakiya, sai wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya samar da ita a 1991. Daga nan aka sami Debian a 1993, da Ubuntu a 2004, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa. Ta wajen gangar jiki kuwa, da IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981 ya buga littafin bayanin cikinta, wasu kamfanoni suka kwaikwaya, farashi ya karye. Labarin injin ban-ruwa ke nan a wata riga.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi, kuma shekarar da ya kamata ɗalibai su riƙe ita ce 2007. A watan Nuwamba na 2005, a birnin Tunis, Nicholas Negroponte tare da Kofi Annan suka nuna wa duniya samfurin kwamfutar yara da aka ce za a sayar dala ɗari. Nijeriya a ƙarƙashin Shugaba Obasanjo tana cikin ƙasashen farko da aka ambata da niyyar sayen miliyan ɗaya. Na'urar, mai suna XO, an gina ta bisa Linux, fuskarta tana karantuwa cikin rana tsaka, da sukudireba ake warware ta, har ma akwai wani maɓalli da aka tanada domin yaro ya danna ya ga rubutun asalin abin da yake amfani da shi. A 2007 aka raba ta ga yaran makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja. Ba a yi nisa ba sai ga abokin hamayya: kamfanin Intel da tasa kwamfutar mai suna Classmate, wadda aka gwada a wata makarantar sakandare a Jabi. Aka yi cinikin Classmate guda 17,000 ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. A ranar 31 ga Oktoba, shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Steve Ballmer na Microsoft, yana kukan cewa an shaida masa za a biya shi kuɗinsa amma za a goge manhajarsa a ɗora Windows. Bayan 'yan kwanaki asusun gwamnati na USPF, wanda ke biyan kuɗin 11,000 daga ciki, ya ce shi dai Mandriva zai bari. A cikin watan Nuwamba kuma wani kamfani mai suna LANCOR ya kai masu XO ƙara a Legas, yana cewa sun kwaikwayi tsarin allon haruffansa na harsunan Nijeriya, daga baya ya nemi diyyar dala miliyan ashirin. Ministan ilmi na lokacin, Igwe Aja-Nwachuku, ya tambaya a fili ina amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da kujerar zama. Kuɗin na'urar ya tashi kusan dala 188, gwamnati ta canja, miliyan ɗayan nan ba a taɓa sayenta ba.

Ni a ganina ministan yana da gaskiya rabi. XO buɗaɗɗiya ce a takarda, amma ba ta da kasuwar kayan gyara a Sabon Gari, ba ta da bakanike a Bunkure, batirinta da fuskarta sai daga masana'anta guda a ƙetare. Watau ta zo da halin jigo a cikin rubutunta, da halin injin girbin alkama a cikin jikinta. Sai dai akwai wani abu da ya biyo baya wanda ya cancanci a sani. Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015, amma manhajarsa ba ta bi shi kabari ba, domin tun 2010 wasu daga cikin ma'aikatansa da masu sa kai suka ɗauki rubutun asali suka ci gaba da shi da sunan Mageia. Da rufaffiya ce, da ranar da aka kulle ofis a Paris an kulle ta.

Mu zo ga haruffan nan uku. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, amma keken rubutun da ke ofisoshinmu bai san su ba, akawu sai ya buga ya koma ya lanƙwasa ƙugiya da alƙalami. Da kwamfuta ta zo, a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, aka ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba aka zaunar da masu ƙugiya. Babban taimako ne a lokacinsa, littattafai da jaridu sun ci moriyarsa. Amma wanda ya buɗe irin wannan rubutu a na'urar da ba ta da zubin, sai ya ga baka da wasu alamomi a inda ƙasa da ɗaki suke. Abin da ya warware matsalar shi ne ma'aunin Unicode, wanda tun 1991 ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma ba mallakar kamfani guda ba ne. Ni kaina ina da babi biyu na wani tsohon bincike da na rubuta da wata manhaja da aka daina yi; fayil ɗin yana nan lafiya lau, na kai shi har ƙasar da na yi karatun digiri na uku, ba wanda ya iya buɗe mini shi. Saboda haka in aka tambaye ni ina buɗewa take farawa, sai in ce daga sigar da ake ajiye rubutu, tun kafin a zo ga na'ura.

Hawan da ya fi wuya shi ne na can ƙasa. Mutum yana iya goge Windows ya ɗora Linux cikin awa guda, ya ɗauka ya 'yantu, alhali manhajar da ke farkar da na'urar rufaffiya ce. A 1999 Ron Minnich ya fara aikin maye gurbinta a ɗakin bincike na Los Alamos, aikin da tun 2008 ake kira coreboot, a 2013 kuma Leah Rowe ta Ingila ta fito da Libreboot. Sai dai tun wajen 2008 kusan kowane allo na Intel yana ɗauke da wata 'yar kwamfuta ta biyu a ɓoye, mai suna Management Engine, wadda ke aiki ko da an kashe na'ura muddin akwai wuta, kuma mai na'urar ba shi da ikon karanta abin da ke cikinta. AMD ya bi sahu wajen 2013. A watan Mayu na 2017 Intel ya amsa cewa akwai wata ɓaraka a wannan sashe, a kwamfutocin ofis na shekaru da dama, wadda za ta iya ba baƙo iko da na'ura daga nesa. A tsohuwar ThinkPad X200 ta 2008 ana iya share wannan manhaja ƙaf. A waɗanda suka biyo baya, in aka share ta duka, na'urar takan kashe kanta bayan minti talatin, sai dai a rage ta. Shi ya sa masu tsananin ra'ayi suka maƙale wa tsofaffin ThinkPad, suna cire katin wayales su sa na Atheros wanda ba ya bukatar rufaffiyar manhaja, suna ɗora Trisquel. Aikin kuwa, maƙala ɗan matsi ne a kan ƙwayar da ke jikin allo a sāke rubuta ta, abin da bai fi ƙarfin masu gyaran waya na Farm Centre ba. Akwai sababbin hanyoyi: Talos II mai ƙwaƙwalwar POWER9, wadda kuɗinta dubban daloli ne kuma tana shan wuta, da tsarin RISC-V da aka fara a jami'ar Berkeley a 2010. Amma a kula, a RISC-V ƙa'idar ce buɗaɗɗiya, kamfanin da ya ƙera ƙwayar yana iya rufe nasa zanen. Ko Raspberry Pi, da ake yawan yabo tun 2012, ba ta tashi sai da wata rufaffiyar manhaja. Mutanen Debian kansu, bayan muhawara mai zafi, sun jefa ƙuri'a a 2022 suka yarda a haɗa irin waɗannan 'yan manhajoji cikin faifan girkawa, domin sun ga sabon shiga yana girkawa ya tarar ba intanet, ya koma inda ya fito.

To, a ce sakataren wata ƙungiyar masu amfani da ruwa a Kura ko Bunkure, irin waɗanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa bayan an amince da shi a 2014, ya zo neman shawara. Aikinsa rajistar manoma, da girman gonar kowa, da wanda ya biya kuɗin ruwa, da ranar buɗe kowace ƙofa. Wannan rajista ta fi na'urar daraja nesa ba kusa ba, domin rigimar iyakar gona takan kai jikoki. Ba zan tura shi neman Talos ba, ba kuma zan ce lalle sai X200 ba, ko da yake ina girmama masu riƙe da ita; ƙwaƙwalwarta ta tsufa, taswirar gonaki za ta yi mata nauyi. Zan ce ya nemi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin ta ofis, ƙirar da ta yi yawa a titin Beirut har batirinta da allon haruffanta da fankarta suna samuwa a shago fiye da ɗaya, wadda ake kwance ta da sukudireba a busa mata ƙurar hunturu, kuma faifan hasken rana ɗaya yana iya ciyar da ita. Lokacin ma ya dace, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar na'urori da yawa masu sauran ƙarfi. Ya ɗora Debian, ya yi rubutu da lissafi da LibreOffice a sigar ODF wadda hukumar ma'auni ta duniya ta amince da ita tun 2006, ya zana gonaki da QGIS, ya saita allon haruffan Hausa. In ƙirar tana cikin waɗanda coreboot ke karɓa, madalla, in ba ta ciki kada wannan ya hana shi farawa. Wannan na'ura ba buɗaɗɗiya ba ce ɗari bisa ɗari, kuma gara a faɗa masa haka tun farko.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, birnin Munich na Jamus ya isa abin nazari. Sun ƙudura komawa Linux a 2003, suka kai kwamfutoci wajen 15,000 a 2013, majalisar birnin ta juya baya a 2017 bayan siyasa ta canja. Jihar Schleswig-Holstein kuma a 2024 ta yanke shawarar ƙaurar da kwamfutoci wajen 30,000. Manhaja kyauta ce, amma horar da akawu da ɗaukar mai gyara ba kyauta ba ne, kuma kasafin da ya manta da su zai haifar da wata harabar matattun motoci, wannan karo cikin kabad.

Daɗin daɗawa, iyakar da ke tsakanin gona da kwamfuta ta soma gogewa. Taraktocin zamani suna ɗauke da kwamfuta a ciki, kuma a Amurka manoma sun daɗe suna kukan cewa ko sun sāke abin da ya lalace da hannunsu, motar John Deere ba ta komawa aiki sai wakilin kamfani ya zo da tasa manhajar. A 2022 aka ba da labarin motocin noma da aka kwashe daga Melitopol ta Yukiren zuwa Checheniya, aka kulle su daga nesa suka ƙi tashi. Mutane suka yi murna da ɓarawo ya yi asara, sa'an nan suka tuna cewa makullin nan bai san ɓarawo da mai bashi ba. Jihar Colorado ta yi dokar 'yancin gyaran injunan gona a 2023, hukumar ciniki ta tarayyar Amurka kuma ta kai kamfanin ƙara a Janairun 2025. Duk jami'in da za a kawo wa takardar sayen tarakta, ko famfon hasken rana, ko na'urar auna ruwa domin magudanan Kadawa, ya duba ko an rubuta cewa littafin gyara da manhajar gano ciwo da lambar buɗewa suna cikin kuɗin, da kuma sunan garin da mai riƙe da su yake zaune.